Aduruku Kafin Alayyafo

Rafin Guza, Kaduna.

Zuwa ga mai sunan Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Zulai, da fatan gajiyar kwasar kaya ta sake ku. Allah Ya sa kun shiga sabon gida a sa'a, Ya tsare ku daga sharrin mutum da na aljan da na mai ja da ciki, Ya haɗa ku da maƙwabta masu tsoronSa.

Kada ka yi mamakin ganin takarda daga wadda mota ɗaya ce tsakaninta da kai. Kai ne na fari. Ko sunanka ban taɓa kamawa ba, balle in zaunar da kai in dubi idonka in yi ta zuba. Amma alƙalami ba shi da alkunya, kuma shekarun da na yi ina koya wa 'ya'yan mutane rubutu ba za su tashi a banza ba.

Ranar da kuka tashi, ina cikin ɗaki na ji kana gaya wa masu taya ku kwasar kaya cewa Zulai tana son ɗan lambu a sabon gidanku na bayan Kawo, kuma za ka ja masa darnin kara kafin a samu halin katanga. Wani ya tambaye ka batun iyaka, ka yi dariya ka ce, "Haba, ni da Bala ai ba ma haka." Bala abokin aikinka, mai filin da ke manne da naka. Ba ka san bakin wa ka ara ba. Da wannan maganar mahaifinka ya raba ni da ƙanwarka, Allah Ya jiƙansa Ya yafe masa, ni ma Ya yafe mini shirun da na yi. Ka san inda take kwance, ka kuma san katangar wa ke tsakanina da ita yau. Abin da ba ka sani ba shi ne yadda aka yi, don kana makarantar kwana aka fara, kana bautar ƙasa aka gama. To yau za ka ji.

Bari in faro daga kwatas ɗin gwamnati na wajen Unguwar Sarki, inda ka yi firamare. Gida ga fili kamar me. Na dasa mangwaro, na dasa gwaba, na kewaye su da shingen fure irin wanda ake yi wa aski da almakashi, don dai matan manyan ma'aikata su ce matar wane ta waye. Shingen da tunkiya mai ciki ma sai ta ratsa ba ta ko sunkuya ba. A shekarar da mangwaron ya fara 'ya'ya na kirki aka yi ta rage ma'aikata, abin ya biyo ta kan mahaifinka, aka ce mu tashi. Wanda ya gaje mu ya sare gwabar don ya sami wurin ajiye mota. Ina cikin bas na hango kututturen, na kau da kai.

Abin da na koya a nan shi ne shinge ba ado ba ne. Kafin ka kafa ko sanda ɗaya, ka zauna ka tambayi kanka wa kake so ka tare: akuya ce, kaza ce, ko mutum. Kowanne da maganinsa, kuma na ƙarshen ya fi wuya, don shi da sallama yake shigowa.

Muka dawo nan Rafin Guza, lokacin gidaje ba su cushe haka ba, kana tsaye a ƙofa kana hango gonakin mutane. Da baki aka sayi filin, gaban shaidu, aka nuna mana daga hanya zuwa can, aka yi addu'a aka watse. Bayanmu kuwa filin Alhaji Ɗanlami ne, aminin mahaifinka tun suna samari, wanda ma shi ya yi mana hanyar sayen namu.

Ni na so lambuna ya zauna daidai ƙofar madafa, inda ina tuƙa tuwo ina ganinsa. Mahaifinka ya ce a'a. An raba shi da ofis amma ofis bai fita daga kansa ba. Ya ce tsoffin abokan aikinsa za su riƙa zuwa, ba za su shigo su tarar da kuɓewa a tsakar gida kamar ƙauye ba. Aka shafe tsakar gida da siminti, aka tura lambu can bayan ɗakuna, wurin da babu tagar da ke kallonsa. Na yarda, don ba na son a ce na cika gardama ga mutumin da aka kora daga aiki. Abokan da aka shafe gidan dominsu kuwa, tun da albashi ya tsaya ƙafarsu ta tsaya. Ni ce dai na rage ina kewaya gida da bokiti, safe da yamma, har kafaɗata ta dama ta zama abin da ta zama.

Saboda haka ka bar Zulai ta zaɓi wuri, ita za ta yi wahalarsa. Amma ka faɗa mata in ji ni, ta tsaya a ƙofar madafa ta duba, inda idonta ya sauka nan ne lambu. Abin da ake tsinka kullum, su alayyafo da yakuwa da ɗoɗɗoya da attarugu, su zauna kusa, yadda ko miya na kan wuta za ta miƙa hannu ta dawo ba ta ƙone ba. Masu tsayi irin su rama da kuɓewa da gwanda a kai su gefen yamma, kada su tare wa ƙananan hantsi. Kabewa a dasa ta gindin madafa a nuna mata rufi, ta san hanya. Fangali kada ya yi faɗin da sai an taka cikinsa kafin a cire ciyawa, a kuma bar 'yar hanya tsakani da mutum zai wuce da bokiti. Wurin alwalarka ka karkata shi ruwan ya gangara cikin lambu, haka ma ruwan wankin shinkafa, amma ruwan sabulun wanki a yi masa tasa rariyar daban. Kuma don Allah a nisanta shi da masai. Ni ban yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba a farko, sai da na kashe shuka iri-iri tukuna.

Duk da haka lambun nan shi ya rufa mana asiri. Shekarun da ake bin layi don sabulu da madara, fansho kuwa yau ne gobe ne, ba mu taɓa kwana ba miya ba. Kun ci ɗanwake da kwaɗon rama har kun gaji, kuna ɓata fuska, ba ku san daɗinku ba.

A damina ta biyu na haifi ƙanwarka. Ba ta kai ranar suna ba. Kakarku ta zo daga Zariya, ita da tsofaffin unguwa suka ce jaririn da bai kai suna ba ba a kai shi nesa, a bayan ɗakin uwarsa ake sa shi. Aka sa ta a ƙarshen lambu. Da na yi arba'in na nemo dashen lemon tsami na dasa daga gefenta, don in san wurin ko ciyawa ta rufe. Tsakanin lemon nan da darninmu akwai fili mai kyau, har fangalin yakuwa nake yi a wurin.

Yanzu na zo kan shinge, kuma nan nake so ka buɗe kunne.

Ka san Maman Rahila, wadda muka koyar a makaranta ɗaya, gidanta na kallon namu ta gefen hanya. Ta je hutun Kirsimeti garinsu can kudu, da ta sake komawa gab da damina sai ta dawo da damin sandunan aduruku a saman mota. Ta kafa nata, ta ɗauko sauran ta kawo mini har gida. Ta ce, "Malama, karɓi ki jera a bayanki. Wannan ko a kan dutse kika soka shi sai ya kama. Kara abincin gara ne." Na ce ai Alhaji ne a bayanmu. Ta ce, "Ni ma ƙanen mijina ne a bayana, shi ya riƙe mini igiya na kafa."

Da mahaifinka ya dawo na nuna masa. Ya dubi sandunan kamar na kawo masa mushe. Ya ce, "So kike Alhaji ya leƙo ya ga muna kafa masa iyaka kamar mun kama shi da sata? Mutumin da ya nemo mana filin? Ni da Alhaji ba ma haka. A ja darni kafin a samu halin katanga." Na ji kunya ta rufe ni, har na ga kamar ni ce mai mugun zato. Na jingine sandunan a jikin bango. Har tsiro suka yi a jingine, abin tausayi, suna neman ƙasa, ina wucewa ina kallonsu, har suka bushe gara ta gama da su. Da Maman Rahila ta tambaya na ce mata sai baɗi.

Shi darnin kara, in ba ka sani ba, shekara ɗaya yake yi. Iskar farkon damina ta kwantar da shi, gara ta cinye gindinsa, da kaka a sake sabo. Alhaji kuwa mai gona ne, kara gare shi ba iyaka. Duk kaka sai ya turo ma'aikatansa da kara da dirkoki su tashe mana darni, ba ya karɓar ko godiya. Mahaifinka ya yi ta sa albarka yana cewa, "Kin ga amini ko?" Ni kuma in dama musu kunu in kai musu.

Sai dai kowane sabon rami ba ya faɗawa cikin tsohon. Ba da yawa ba, ɗan tafin hannu ne, wanda in ka yi magana a kansa za a ce ba ka da mutunci. Shekarar farko na rasa layi ɗaya na yakuwa, na ce ko idona ne. Wata shekara fangalin ya zama rabi. Da can ina wucewa da bokiti tsakanin lemon da darni ina walawa, sai ga shi sai na karkace, daga baya ƙayar lemon ta fara kama mini zane. Sau ɗaya na yi wa mahaifinka magana. Ya ce, "Ke dai ba ki iya godiya ba. Mutum ya yi miki aiki kyauta, ki bi bayansa da awo?" Daga ranar na ja bakina na rufe. Ban ce Alhaji ne ya ce a matsa ba, Allah ne masani, ko ma'aikata ne ke neman ƙasa mai taushi. Amma ban taɓa ganin ƙasa mai taushin ta faɗo ta gefensa ba.

Ka ji kuskurena mafi girma. Ina da ido, ina da ilimin da zan ɗauko igiya in auna, ina da baki, na zauna ina jin kunyar wanda ba ya jin tawa. Jin kunyar mara kunya asara ce, kowa ya san wannan, ni ma na sha rubuta shi a allo ina koya wa yara.

Da ciwon mahaifinka ya tsananta muka kai shi gida Zariya, can ya cika, can dangi suka ce in yi takaba. Muka kulle nan. Alhaji ya zo ta'aziyya yana share hawaye da bakin rawani, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Malama, kada ki sa tunanin gida a ranki, ina lura da shi." Lalle kam ya lura da shi.

Ranar da na dawo ko mayafi ban ajiye ba na kewaya baya. Babu darni. Katangar bulo ce sabuwa fil, ta fi tsayina, an jera mata fasassun kwalabe a kai. Lemon yana can ciki ta gefen Alhaji, rassansa kawai nake gani sun leƙo. Na zauna a ƙasa cikin busasshen alayyafo. Ban san tsawon zaman da na yi ba, sai da Maman Rahila ta zo ta ɗaga ni.

Aka tara dattawan unguwa. 'Ya'yan Alhaji suka ce su a kan layin darni suka yi gini, kowa ya san darnin, su ma suke tashinsa. Cikin shaidun ciniki wasu sun rasu, wanda ya rage ya tsufa ya ce shi dai ya tuna an ce daga hanya zuwa can. Maman Rahila ta rantse da Allah lemon a cikin lambuna yake, suka ce iri ne ya faɗo ta gefensu ya tsiro. Wani dattijo mai adalci ya duƙa yana tona ƙasa da sandarsa, ya ɗago ya ce, "Malama, da akwai ko kututture ɗaya da mun tsaya a kansa. Kara ba ya barin saiwa." Baffanninka kuwa suka ja ni gefe suka ce kada in tona wa mamaci asiri da kai amininsa kotu, ƙasa ba ta bushe a kansa ba.

Na cire kunya a ranar, amma ta riga ta gama yi mini aiki. Na dubi Alhaji na ce, "Alhaji, akwai 'yata a wurin nan, kai ma ka sani, kana nan aka sa ta." Ya sunkuyar da kai yana jan carbi, ya ce, "Allah Ya sa mai ceto ce. Ai ƙasa duk ta Allah ce, Malama, inda mutum ya kwanta duk ɗaya ne." To da yake duk ɗaya ne, me ya hana shi barinta inda uwarta take? Wannan tambayar ban yi ta ba, tana nan a raina har yau.

Ka san abin da ya fi ci mini rai? Duk shekara in lemon ya nuna, sai matarsa ta aiko mini da shi cikin kwanon sha, wai ga lemon gidansu a matsa a kunu. Ina karɓa, in ce an gode. Ban taɓa kai ko ɗaya bakina ba. Sandunan Maman Rahila kuwa yanzu sun zama itatuwa, sun fi rufin gidanta, ƙanen mijinta ya sayar ya tashi, wanda ya saya ma ya sayar, babu wanda ya taɓa matsar da ita ko da faɗin yatsa. Ba ta taɓa ce mini ai na faɗa miki ba. Da ma ta faɗa, da na ji sauƙi.

Ban ce Bala mugu ne ba. Yaro ne mai ladabi, yana durƙusawa ya gaishe ni. Alhaji ma kwano ɗaya suka ci da mahaifinka shekara da shekaru. Amma Bala zai haifi 'ya'yan da ba su san amincinku ba, ko ya sayar wa wanda bai taɓa jin sunanka ba, kai kuma ba ka da alkawari da mutuwa. Kada ka bar wa Zulai abin da aka bar mini.

Ga abin da za ka yi. Ka je wurin Bala da rana tsaka, ka kira dattawa biyu na unguwar, ka ba shi bakin igiya ya riƙe da hannunsa, ku ja daga kusurwa zuwa kusurwa. A kan layin za ka kafa, ba daga ciki ba. Duk abin da ka bari a waje don kara da kunya, ka yi sadaka da shi ke nan. Aduruku a kowace kusurwa da kuma jere a tsakani, ka soka su da zurfi yanzu da ruwa ya fara sauka. Ka cike tsakaninsu da bini da zugu, akuya ba ta cinsa, sai dai in Allah Ya ba ku haihuwa a kula kada yara su ci 'ya'yansa. Zogale kada ka sa shi a bakin shinge, kiran awaki ne, ka shigar da shi ciki. Daga ƙasa ka ɗaura wayar kaji. Kada wani ya ruɗe ka da tsohon kwanon rufi, zafinsa na ƙone ganye, ga tsatsa, ga yankan yara. In kana son sutura kafin sandunan su yi ganye, ka jingina zana ta ciki, ta ruɓe a sake, ba ita ce iyaka ba. Kuma duk wanda ya ce zai tashe maka shinge kyauta, ka gode masa, ka tsaya a kansa har ya gama. Ranar da Allah Ya hore maka katanga, ka gina ta, amma na kusurwa kada ka sare su. In Bala amininka ne na gaskiya zai riƙe igiyar yana dariya. In kuwa ya ɓata rai, to ka gode wa Allah da ka gani tun yanzu.

Maman Rahila ce za ta kawo maka wannan takarda, tare da damin aduruku da ta saro daga nata da hannunta. Ka karɓe ta da mutunci, uwa ce a gare ka. Za ta kuma ba ka gwangwanin madara da ɗan tsiro a ciki. Daga lemon da aka aiko mini bara na cire 'ya'yan na shuka, guda ɗaya ya rayu, na yi ta rainonsa a bakin tagata. Iyakar abin da na iya ƙwatowa daga bayan katangar nan ke nan. Nan ba ni da sauran wurin da rana ke sauka, katangar ta cinye hantsin. Ka dasa shi a tsakiyar lambun, nesa da kowane shinge, inda Zulai za ta riƙa ganinsa daga madafa, inda ruwan alwalarka zai riƙa kai masa.

Amma kada ka fitar da shi daga gwangwanin sai sandunan nan sun shiga ƙasa. In kuma ka ga kunyar Bala ta fi ƙarfinka, ba zan yi maka baki ba, ɗan mahaifinka ne kai. Ka dai ba Maman Rahila gwangwanina ta dawo mini da shi. An raba ni da yarinyar nan sau ɗaya, ya isa.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare fitarka da shigarka, Ya tsare gidanka ta gaba da ta baya. Allah Ya ba Zulai hannun shuka, Ya ba ku zuriya mai jin magana. Ya jiƙan mahaifinka da 'yar da ba a raɗa wa suna ba, Ya sa mu cika da imani.

Wassalam.

Ni ce,
Mahaifiyarka.